Yadda Za Ka Bi Dokar Likita da Cikin Maƙwabcinka

Idan likita ya ce kana da ciwon suga, ya raba ka da tuwon shinkafa, ya haɗa ka da tamba da acca, kada hankalinka ya tashi. Akwai hanyar da za a riƙa tuƙa maka tuwon masu suga kullum, kwano ya riƙa komawa cikin gida fes, matarka ta riƙa sa maka albarka, unguwa ta riƙa buga misali da haƙurinka, alhali ko loma ɗaya ba ta bi ta maƙogwaronka ba. Ni Malam Lado na Ƙofar Marusa, wanda ya yi shekara talatin da biyar a ofis yana sa hannu a kan aikin da wasu suka yi, ni na gano hanyar, na kuma gwada ta a jikina wata uku cur. Na ba ka tabbaci, duk wanda ya bi matakan nan bi da bi zai ga sakamako. Ban ce wane iri ba, amma zai gani da idonsa.

1. Karɓi hukunci da fuskar salihai

Ni nawa ya faro daga yatsan ƙafar hagu, wanda ke kusa da babba. Sabon takalmi ya ci ni ranar wani ɗaurin aure, wurin ya ƙi warkewa har sati shida. Aka ɗebi jinina, likita ya zaunar da ni da matata Zuwaira, ya ce suga ne ya yi yawa, shi ya hana mikin rufewa.

"Malam, magani kaɗai ba ya isa," in ji shi. "A rage farar shinkafa da garin masara. A koma hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, a haɗa da wake. Malmala kada ta wuce dunƙulen hannunka, miyar ganye ta fi tuwon yawa. In sugan bai sauka ba, nan da wata uku yatsan nan ba naka ba ne."

A nan aikinka gyaɗa kai ne. Ka gyaɗa a hankali, irin na mutumin da ya daɗe yana jiran wannan nasiha. Ka jefa tambaya ɗaya mai nuna tsoron Allah, kamar, "Likita, ruwan randa fa, ya halatta?" Kada ka kuskura ka je kai kaɗai. Tafi da matarka, domin maganar likita kaya ce, kuma kaya yana buƙatar mai ɗauka.

Ka lura da maganar dunƙulen hannu. Ni da na duba nawa a wurin, na gode wa Allah da ya yi ni da manyan hannuwa.

2. Je Babbar Kasuwa da kanka, sau ɗaya tak

Sayen hatsin farko naka ne, kada ka bar wa kowa, domin shi ne kawai ɓangaren aikin da ake yi a gaban jama'a. Shiga layin 'yan hatsi, ka ɗaga murya daidai yadda rumfa uku za su ji: "Akwai tamba? Ta masu suga nake nema."

Nan take za ka gane cewa duk mai tiya a hannu likita ne. Wanda acca ta yi masa kwantai zai rantse maka acca ce maganin. Mai alkama zai ce wani Alhaji ya warke da ita a sati biyu. Mai waken suya zai kawo maka labarin surukarsa. Saurari kowa, ka sayi kaɗan-kaɗan, don a san ba ka raina ilimi.

Amma jigon sayayyarka ya zama tamba. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon munin tuwo, gwargwadon tausayin da za a ji maka. Tuwon acca fari ne, mai wucewa zai ɗauka daɗi kake ji. Tuwon tamba kuwa duhu gare shi, da an buɗe murfi an san mai shi yana cikin jarrabawa.

Ɗaura buhun a bayan ɗan acaɓa inda kowa zai gani, ka ce ya bi ta doguwar hanya. Duk wanda ya tambaya, ka yi ajiyar zuciya ka ce, "Lafiya uwar jiki."

3. Miƙa aikin ga mai shi

Da ka sauke buhu a tsakar gida, naka ya ƙare. Abin da ya rage ƙananan abubuwa ne da mace za ta iya yi tsakanin asuba da la'asar.

Za ta tsince tamba, ta wanke, ta shanya a tabarma, ta zauna gadin kaji. Acca kuwa tare da yashinta take zuwa, sai an rege ta a ƙwarya ruwa bayan ruwa. Zuwaira ruwa bakwai take yi mata, tana duƙe, tana karkata ƙwaryar a hankali har yashin ya kwanta a ƙasa. Waken suya za ta soya shi sama-sama don ƙarnin ya fita, ta murje, ta bakace. In ta samo ɗanyar agada, wato ayabar suya, za ta fere, ta yanka siri-siri, ta shanya kwana uku, ta kwashe da gudu duk lokacin da hadari ya taso. Bayan nan ta auna: tamba kashi uku, wake kashi ɗaya. Wannan awon ba likita ne ya ba ta ba, ita ta gano shi bayan tukunya huɗu da suka ƙi ɗaurewa.

Kai kuma ka sa kujera a inuwa, ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan kwali, ka riƙa sa ido. Lokaci-lokaci ka ce, "A dai rege da kyau, maganar lafiya ce." Mata suna son a nuna an damu da aikinsu.

4. Bar ta ta yi faɗa da mai inji

Abin da mutanen ofis ba su sani ba shi ne, injin niƙa ba ya mantuwa. Duk abin da aka niƙa kafin naka, ragowarsa tana maƙale a ciki, ita za ta fara fitowa a robarka. In masara aka niƙa, to garinka na masu suga da masara zai fara.

Zuwaira ta gano haka tun zuwan farko. Daga ranar, da an idar da sallar asuba take ɗaukar roba ta tsaya a ƙofar Mati, mai injin layinmu, tun bai buɗe ba. Tana kuma tafiya da ɗan hatsi daban a ƙulle, wanda take kira na wanke inji. Shi za a fara zubawa, abin da ya fito ta ba kaji, sannan a niƙa na gaske.

Mati ya gaji, ran nan ya ce, "Gwaggo, wanga ɗan garin masara da ya saura ko cikin cokali bai kai ba."

Ta ce, "Ƙahwar Malam ce, Mati. Rabin cokali ma ban yarda ba."

In ta dawo ta ba ka labari, ka mara mata baya ɗari bisa ɗari. Ka ce masu inji ba su da tsoron Allah. Mutumin da zai ci malmala uku ta shinkafa da magariba ya kamata ya zama mai tsanani a kan cokalin masara da safe.

5. Ko ana ha-maza-ha-mata, kada ka bar ciyayya

Nan ne zuciyar darasin. A layinmu gida biyar ne, kuma shekara ashirin ke nan da an fito sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Babaji tela, a ci tare. Matarka za ta ce tunda abincinka ya zama daban, ka riƙa ci a ciki. Wannan ita ce barazana mafi girma ga shirinka, kada ka yi mata sako-sako.

Ga abin da na ce wa tawa, ka haddace shi: "Haba Zuwaira. Shekara ashirin muna sa hannu kwano guda da mutanen nan, yau don suga in guje su? A ce Lado ya hwara rowa? Ki zuba mani nawa, in ci a cikinsu, albarkar taro ta shiga."

Ba macen kirkin da za ta so a kira mijinta marowaci. Za ta zuba maka malmala daidai dunƙulen hannu, ta cika gefe da miyar kuka ko ta zogale, ta rufe, ta miƙa maka da hannu biyu. Ɗauki da kanka, ka ɗan ƙara ɗingishi har ka fita daga zaure.

6. Yi amfani da kara

Kakanninmu da suka kafa ciyayya sun bar mana ƙofa a buɗe, Allah ya jiƙansu. A tabarma abin kunya ne mutum ya rungume kwanon gidansa. Naka za ka tura wa mutane, ka sa hannu a na wani. Wato abin da likita ya hana, al'ada ta wajabta.

Sai ka zaɓi wurin zama. Ni na zaɓi gefen Babaji saboda dalili biyu. Na farko, matarsa Rakiya ce ta fi kowa iya tuwon shinkafa daga nan har hasumiyar Gobarau, mai laushi, da miyar taushe da man shanu yana yawo a kai. Na biyu, Babaji mutum ne mai tumbi da tausayi, bai taɓa iya ganin kwano ya koma gida da abinci ba.

Ranar farko da na buɗe murfin, kowa ya leƙo kwanon. Wani daga can gefe ya ce, "Malam Lado, wanga tuwo ne ko yaɓen ɗaki?" Aka yi dariya, kowa ya janye hannunsa.

Babaji ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "A'a, kar a maida ma baiwar Allah abinta haka, ta ji ba daɗi. Miƙo nan." Ya cinye tas, yana haɗiya da ƙyar, ya suɗe miyar.

To mutum ya yi maka wannan karamci, kai kuma ka bar kwanon gidansa ya koma da abinci? Ai ba tarbiyya ba ce. Na jawo na Rakiya na rama masa alheri. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ni na gano hannu ɗaya ma ya isa, in dai na Babaji ne.

Washegari aka maimaita. Kafin sati ya zagayo ba ma sai an yi magana ba, ina zama zan tura, shi ma ya turo.

7. Mayar da kwano, ka yaba

Kafin ka shiga gida, wanke hannu da sabulu, ka goge gemu. Man shanu ɗan tonon asiri ne, tuwon tamba kuwa ba a sa masa.

Miƙa mata kwanon a buɗe don ta ga cikinsa. Za ta tambaye ka, "Ya ka ji shi yau?" Ka ce, "Ya yi daɗi." Kada ka zarce da yabo, za ta yi zargi. Bayan kwana uku-uku ka haɗa da ɗan ƙorafi, ka ce gishiri ya so ya yi kaɗan, ko ya fi na jiya tauri. In ba ka san me za ka ce ba, tambayi Babaji tun a tabarma, shi ya san ɗanɗanon.

Za ka ga fuskarta ta washe. Tawa har cewa take, "Sannu Malam, na san da wuya. Allah shi ba ka lada." Ka amsa da amin, ladan ai ba a ce na wane aiki ba.

8. In na'ura ta yi gardama, nemo mai laifi

Kowace safiya za ta huda maka yatsa ta ɗiga jini a na'urar gwaji. Na'urar nan ba ta da kara, ba ta san zumunci ba, lambar da ta gani ita take faɗa. Tawa kullum sama take yi.

Satin farko ka ce batir ne. Na biyu ka ce tunani ne, ka ambaci halin da ƙasa take ciki. Na uku ka ce jiki bai gama sabawa da tamba ba. Daga nan kuma ka karɓe wankin mikin daga hannunta, ka ce kana tausayin bayanta, ka riƙa naɗe ƙafar da kanka kana cewa ana samun sauƙi.

In duk waɗannan sun ƙare, laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. Ni ranar da na ga ta zuba wa na'urar ido, sai na ce, "Anya Mati ba shina haɗa maki da masara ba?"

Wannan ita ce dabarata mafi nasara, don ta saya mini wata guda cur. Zuwaira ta daina zuwa inji. Ta jawo turmin da ta ajiye tun aurar da autarmu, ta koma dakan tamba da hannu, tana da shekara hamsin da huɗu. Ƙwayar tamba ƙanƙanuwa ce, tsalle take yi daga turmi, sai an daka an tankaɗe an sake dakawa. Tun da hantsi nake jin taɓarya har azahar. Ran nan da za ta miƙo mini kwano na ga tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ta ɗaure da tsumma. Gaskiya na ji kunya ranar, har na ce a raina yau tamba zan ci. Da na zauna a tabarma Babaji ya buɗe kwanon Rakiya, sai na ɗaga niyyar zuwa gobe.

9. Ranar da matar maƙwabci ta yi sallama, yi barci

Akwai abin da ban sa a lissafi ba, kai ka sa. Mutumin da ke cin tuwon masu suga kullum da miyar ganye, jikinsa zai nuna. Babaji ya fara tsuke mazagin wando. Ya daina gyangyaɗi a kan keken ɗinki. Har ƙafa ya koma takawa zuwa shago.

Wata Asabar da hantsi ina kwance a ɗaki, Zuwaira tana daka, sai na ji sallamar Rakiya. Suka gaisa, an kwana lahiya, ya gajiya, ya mai jiki, ya yara, ya ruwa. Na ji ta ajiye roba a ƙasa.

"Dama garin nan naki na zo ki koya mani," in ji Rakiya. "Kusan wata uku ke nan Babaji bai taɓa tuwona a waje ba, naki yake cinyewa tas. Ya ce tun da ya hwara jikinshi ya yi sakayau. Na ce to mi zai hana in riƙa yi mashi a gida, a daina cinye ma Malam."

Taɓarya ta tsaya.

Zuwaira ta ce, "Naki kuma wa ke ci?"

"Malam mana. Ai har malmala nake ƙarawa, tunda an ce shina so. Na ɗauka kin sani."

A wannan gaɓar, rufe ido, ka ja numfashi mai nauyi. Ba zai yi amfani ba, amma ba ka da wani abin yi.

Ina ji Zuwaira ta zaunar da ita ta koya mata komai. Yadda ake rege acca, yadda ake soya wake, kashi uku da kashi ɗaya, har da na wanke inji. Ta ce mata ta kai wa Mati, injinsa lafiya lau yake. Ta ɗebar mata gari a robar, ta raka ta har zaure.

Sannan ta shigo ɗaki. Ba ta ce in tashi ba. Ta zauna a bakin gado ta kwance ƙafar da na yi kusan wata biyu ina ɓoye mata. Yatsan ya yi baƙi har gindinsa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗauko hularka, Malam."

10. Karɓi sakamako

Ranar Talata aka cire yatsan a asibiti. Likita bai yi mini faɗa ba, ya dai tambayi Zuwaira wane irin gari take yi, ta faɗa masa, ya ce da ma duk masu jinyarsa suna da mai yi musu haka. Ina kwance ina kallon silin.

Da muka dawo gida na tattaro abin da ya rage mini na baki, na fara bayani a kan kara da zumunci da haƙƙin maƙwabtaka. Ta bari na kai aya.

Ta ce, "Shinkahwar ba ta yi mani ciwo ba, Malam. Bakinka ne, ƙahwarka ce. 'Ya yi daɗi' ɗin nan da kake ce mani kullum, shi ne ya tsaya mani a rai."



Yanzu ni ke kai niƙa. Da asuba za ka gan ni da roba da sanda a ƙofar Mati, da ɗan ƙullin na wanke inji a aljihu. Na ba shi haƙuri a kan sharrin da na yi masa, ya ce ba komai, amma har yau in ya gan ni sai ya ɗaga murya ya ce, "A kauce, mai binciken masara ya iso." Ciyayya kuwa hira kawai nake zuwa yi, don a ciki nake cin nawa. Ko da ma na so komawa ruwa babu hanya. Rakiya ta koya wa sauran matan layin, kwano uku cikin huɗun da suka rage yanzu tamba ne, kuma mazan sun san wanda ya jawo musu.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba likita ba ne, ba masanin abinci ba ne, kuma bincike ya nuna ba mai hankali ba ne sosai. Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Kada a zo mini gida, kada a tare ni a masallaci, kada a aiko mini da mata tana kuka. Babaji ba shi da laifi, Rakiya ba ta da laifi, Mati ma an wanke shi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma yatsun da za a nema naka ne, ba nawa ba.

Nawa tara ne. Zuwaira ce ke duba su kowace safiya, ɗaya bayan ɗaya, da hannun da har yanzu tabon taɓarya bai gama ɓacewa ba. Jiya ina tsakiyar cin tuwon tamba na ji da gaske ya yi mini daɗi, na ɗaga kai na faɗa mata.

Ta ce, "Ci dai, ina kallo."